Yaya zan tsara lambun da zai rayu ko ba na tsaye a kansa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, wani makon aikin safe, wani makon na dare. Mun tare a sabon gidanmu a bayan gari, kuma akwai fili a bayan ɗakuna, kamar mita goma a tsaye takwas a kwance, da maigida ya bar mini in yi lambu. Damina biyu ke nan ina shuka tumatir da alayyahu da furanni, har da ciyawar ado, amma da zarar bazara ta shigo sai komai ya ƙone. Ba mu da rijiya, a wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa, ga awakin maƙwabta da an bar ƙofa a buɗe. Ina son lambu ƙwarai, amma ba ni da lokacin tsayawa a kansa kullum. Yaya zan tsara shi yadda ba zai riƙa cin lokacina da kuɗina ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sanya alheri a sabon gida. Idan na fahimce ki, abin da kike nema shi ne lambun da za ki yi mako guda ba ki leƙa ba, ki dawo ki same shi da ransa, har ki tsinki abin miya. Wannan abu ne mai yiwuwa, kuma na ga ya yiwu a gidajen da ba su kai naki fili ba. Sai dai ki sani tun yanzu, wahalar ba ɓacewa take yi ba, tattara ta ake yi a zuba a shekara biyun farko. Bayan nan ne lambun yake ɗaukar nauyin kansa.

Bari mu fara da abin da ya kashe miki shuka. Ba rashin iyawarki ba ne, lissafin ruwa ne. A Kano ruwan sama yakan tsaya sosai daga Yuni zuwa Satumba, abin da bai wuce milimita 800 zuwa 900 ba a yawancin shekaru, kuma Agusta ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Daga nan sai wajen wata bakwai babu ɗigo. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kowace murabba'in mita ɗaya da aka cika da ganye tana shan lita 6 zuwa 8 a rana, tsakanin abin da shuka ta zuƙa da abin da rana da iska suka kwashe. Filinki murabba'in mita 80 ne. Idan kin cika shi da ciyawar ado da alayyahu, yana neman lita 560 ko kusa da haka kullum, wato jarka 22 mai lita 25, kusan kura biyu ta 'yan garuwa a kowace safiya. Babu albashin da zai jure wannan, kuma babu mai aikin dare da zai iya.

Yawancin mutane da damina suke tsara lambu, lokacin da ko bayan katanga kore yake, sai ido ya ruɗe su. Ni kuwa abin da nake gaya wa duk wanda ya kira ni gidansa shi ne ya auna lambunsa da ruwan da zai iya bayarwa a watan Afrilu. Abin da ya wuce wannan, ko dai ya zama itacen da zai nemi ruwansa da kansa a ƙarƙashin ƙasa, ko ya zama shukar damina da za a bari ta tafi idan lokacinta ya yi.

Ruwan da gidanki yake zubarwa

Kafin ki sayi iri ko ɗaya, ki jira a yi ruwa mai ƙarfi, ki ɗauki lema ki fita ki ga inda indararo ke zuba da inda ruwan ke bi ya fice. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya na kwano lita ɗaya ce cif. Rufin da ya kai murabba'in mita 100 yana tara lita 80,000 a daminar da aka samu milimita 800, jarka 3,200 ke nan, kuma a yawancin gidaje duk wannan ta rariya yake fita ya je ya ɓata hanya. Ba ki da tankin da zai ɗauke shi, amma ƙasa tana iya riƙe kaso mai yawa idan an tsayar da shi ya nutse. Ki sa a ja 'yar hanyar ruwa marar zurfi daga bakin indararo zuwa inda za ki dasa itatuwa, a yi wa kowace itaciya faffaɗan gurbi kamar tasa, zurfin taƙi ɗaya. Ki bar aƙalla mita uku tsakanin gurbin da harsashin gini, sannan a bar wa ruwa mafita idan gurbin ya cika, don kada ya koma cikin ɗaki.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Ita ce tassa da rabin wata, wato ƙananan ramuka da gurabe masu tare ruwan sama, da manoman Nijar suke farfaɗo da fako da su. Marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, wanda ya rasu a 2023, da irin waɗannan ramuka da taki a ciki ya mayar da ƙeƙasasshiyar ƙasa daji a yankin Yatenga, kuma manoman Illela a jihar Tawa da suka je suka gani da idonsu a 1989 suka dawo suka yaɗa ta a yankinsu. Abin da ya yi aiki a inda ruwan bai kai na Kano ba, lallai zai yi aiki a bayan ɗakinki.

Amma ki fara gwada ƙasar. A haƙa rami zurfin gwiwa, a cika shi da ruwa da yamma. Idan kafin ki kwanta ya tsotse, jigawa ce, gurbi ya dace da ita sosai. Idan gari ya waye ruwan yana nan kwance, laka ce, to sai a ɗan ɗaga gindin itacen a kan tudu, gurbin ya zagaye shi daga nesa, domin zogale da gwanda da lemo duk saiwarsu ruɓewa take idan ta daɗe cikin ruwa. Tunda sabon gida ne, kusan na tabbata za ki tarar da ɓaraguzan bulo da busasshen siminti inda magina suka kwaɓa. A kwashe su tas, ko da aikin zai ci wa lebura yini guda.

Da rani kuma akwai ruwan da kullum ake zubarwa ba a lissafa shi. Gidan da ke da mutum shida masu salla, ko da lita ɗaya kowa yake alwala da ita, lita 30 ke nan a rana. Ki sa a ajiye dutsen alwala da buta a gindin lemun tsami, shi ke nan kin gama da ban ruwansa ba tare da kowa ya ji ya yi aiki ba. Ruwan wanke shinkafa da kayan miya ma haka. Ruwan wanka yana iya zuwa gindin itace. Na wanki mai omo da bilic kada ya taɓa ganyen da za a ci, kuma idan ya yawaita yana tara gishiri a ƙasa. Na banɗaki kuwa babu maganarsa.

Maganar awaki gajeriya ce: kada ki dasa komai sai kin rufe. Akuya ɗaya cikin minti goma za ta cinye aikin wata shida. Ki yi wa lambun 'yar ƙofarsa daban da waya, mai rufe kanta, domin ƙofar gida yara ba za su daina barinta a buɗe ba. Idan kina son shinge mai rai daga ciki, ki jera lalle, yana jure fari kuma kina da amfaninsa. Bini-da-zugu da ake shinge da shi a ƙauye ba na ba da shawararsa a gidan da ke da ƙananan yara, saboda 'ya'yansa guba ne kuma yara suna ɗaukarsu gyaɗa.

Abin da za ki dasa, da abin da za ki haƙura da shi

A fili irin naki itatuwan marmari uku sun isa. Da ni ne, lemun tsami zan fara sawa, sai gwaba, sai rumman ko magarya mai aure. Ita wannan magaryar, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ce ta yaɗa ta a Nijar, inda ake ɗora irin Indiya mai manyan 'ya'ya a kan gindin magaryarmu ta gida, sai ta ɗauki juriyar tamu da girman 'ya'yan waccan. A bar mita biyar tsakanin itace da itace. Yanzu za ki ga kamar an yi asarar wuri, nan da shekara huɗu rassansu za su kusa haɗuwa.

Na san za ki tambayi mangwaro. Mangwaro ɗaya idan ya girma yana neman faɗin mita takwas zuwa goma, wato lambun gaba ɗaya, kuma babu abin miyar da zai yi a ƙarƙashinsa. In dai ranki ya kafe a kansa, ki sa mai aure guda ɗaya a kusurwa maimakon gwaba, ki yarda za ki riƙa rage masa kai duk shekara. Dogonyaro ki bar shi a ƙofar gida: a ciki saiwarsa za ta bi ruwan da kike bai wa sauran, ga shara, ga 'ya'yansa da ke tsirowa ko'ina. Ayaba mashayiya ce, ba ta gidan da ake sayen ruwa ba ce. Dabino yana jure zafi, amma sai an samu mace da namiji, sai an hau an yi masa barbara da hannu, ga shekarun jira.

Ƙashin bayan lambun shi ne zogale, kuma a nan nake so ki fi mayar da hankali. Ki jera takwas ko goma a jikin katangar da ta fi samun rana, mita ɗaya tsakani, ki ɗan ja su baya daga ginin. Ana iya kafa reshe, kuma ya fi saurin ba da ganye, amma ni na fi son a shuka ƙwayar kai tsaye a inda zai zauna, domin na ƙwaya yana sakin doguwar saiwa ƙasa wadda ke riƙe shi da rani, na reshe kuwa saiwarsa a sama take kuma gara ta fi samunsa. Inda mutane ke kuskure da zogale shi ne barinsa ya miƙe. Cikin shekara ɗaya sai ya wuce katanga, ganyen ya koma can sama inda sai da gora. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: da ya kai ƙugu ki tsinke kan, zai fito da rassa, su ma idan sun yi kamu ɗaya ki tsinke kawunansu. Duk shekara dab da faɗuwar damina ki sa a sare shi daidai ƙirji, ba tausayi. Cikin 'yan makonni zai tofo da ganye mai laushi wanda hannunki zai kai. Da hunturu yakan zubar da ganye idan bai samu ruwa ba, amma ba mutuwa ya yi ba, kuma ɗan ruwa kaɗan sau ɗaya a mako ya isa ya riƙe miki na kwaɗo.

Haka ake yi da kuka, ko da yake mutane kan yi mamaki idan na faɗa. Ba sai ta zama ƙatuwar bishiya ba. A jiƙa ƙwallon a ruwan zafi ya kwana, a shuka uku ko huɗu, a riƙa datse su daidai ƙugu, sai ki riƙa samun ɗanyen ganyen kuka a bayan ɗaki. A Mali akwai lambunan mata da ake noma ta haka kamar alayyahu. Ki ƙara da shuwaka gindi biyu, reshe kawai ake kafawa, a kusa da inda ruwan wanka ke bi.

Su alayyahu, lalo, yakuwa, rama, kuɓewa da kabewa, ki mayar da su 'yan damina. Ki watsa su tsakanin itatuwa idan ruwa ya zauna, sama ta shayar da su. Ki bar gindi ɗaya ko biyu na alayyahu da lalo su yi iri su zubar, baɗi da kansu za su fito. Da kaka ki yanka ki shanya a inuwa kamar yadda iyayenmu suke yi, ki bar wurin ya huta har wata daminar. Tumatir kuwa ki cire shi daga lissafi a yanzu. Ba ya son damina saboda cututtukan ganye, shi ya sa manoman Kadawa da Kura suke yinsa da sanyin rani, ga tsutsar nan da ake kira sharon wadda ta yi mummunar ɓarna a 2016 kuma har yau tana dawowa. Shuka ce mai son a duba ta kullum, abin da kika ce ba ki da shi.

Ban manta da furanni ba. Boganbiliya a jikin katanga, idan ta kama, ƙarancin ruwa ma ƙara mata fure yake. Kariya tana fure da tsakiyar rani ba ruwanta da fari, amma ruwan jikinta dafi ne, a sa ta inda yara ba sa wasa. Alobera a tukunya ba ta neman komai. Ciyawar ado ce dai nake roƙonki ki haƙura da ita baki ɗaya, ita ta fi komai sha, ga aski duk mako biyu.

Kada rana ta ga ƙasa

Duk inda ba hanya ba, a lulluɓe shi. Ɓawon gyaɗa, buntun shinkafa daga injin casa, busasshen ganye, yankakken karan gero, duk wanda ya fi sauƙin samu, kaurin yatsu huɗu. Ki gwada da kanki da azahar a watan Afrilu: ƙasar da ke tsirara ba za ki iya taka ta ba takalmi ba, amma ki tura hannu ƙarƙashin ɓawon gyaɗar da aka shayar kwana uku da suka wuce, za ki ji sanyi da danshi har ƙasar tana manne wa yatsa. Wannan lulluɓi yana rage ban ruwa, yana hana ciyawa fitowa, kuma yana ruɓewa ya zama taki. A hanyoyin da za a riƙa bi, a shimfiɗa kwali a zuba tsakuwa a kai. Intalok yana da kyan gani, amma yana ɗaukar zafi kuma yana kore ruwan da muke so ya nutse.

Tambayar da ake yi mini kullum a nan ita ce gara. Gaskiya za ta zo, kuma za ta ci lulluɓin. A gindin itacen da ke da lafiya wannan ba asara ba ce, ramukan da take yi su ne ke buɗe ƙasa ruwa ya shiga, kuma masu tassa da gangan suke jawo ta da taki. Inda take ɓarna shi ne ƙaramin dashe da ƙishi ya galabaita. Don haka a bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin lulluɓin da jikin itacen, kada kuma a kai shi jikin bangon ɗaki ko kusa da katako. Saboda kunama, kada a tara shi tuli, kuma a riƙa motsa shi da fartanya maimakon hannu. Za ki ƙara sabo sau biyu a shekara, a Oktoba da ruwa ya ɗauke, da kuma ƙarshen Fabrairu kafin zafi ya sauka.

Idan akwai aya-aya a filin, a yaƙe ta tun kafin a dasa komai. Sara da fartanya ƙara mata yawa yake, domin kowane ƙwallo da aka raba da ɗan'uwansa sabon tsiro ne. Da rani ake tone ta, a tsince ƙwallayen, a bar sauran a rana su bushe. Taki kuma ya zama ruɓaɓɓe wanda ya shekara. Ɗanyen kashin shanu yana zuwa da irin ciyawa, ɗanyen na kaji yana ƙone saiwa.

Tulu a cikin ƙasa

Duk da haka na san za ki so ɗan koren alayyahu da na'ana'a da daddoya da rani. Ki ware musu wuri ƙarami, mita biyu a ɗaya, dab da ƙofar kicin inda idonki zai riƙa faɗawa a kai ko kin dawo a gajiye. A nan ne tulu yake aiki. Ki sayi tulun yumɓu huɗu marasa fenti, masu cin kamar lita goma. Ki cika su su kwana, wanda kika ga bayansa ya yi gumi shi ne mai kyau. A binne su har wuya, a shuka a zagaye da su tazarar taƙi ɗaya zuwa kamu, a cika da ruwa, a rufe bakin da murfi saboda sauro. Jikin tulun yana tsattsafo da ruwa a hankali, idan ƙasa ta bushe ya ƙara, idan tana da danshi ya rage, saiwa kuma ta zo ta naɗe shi. Tsattsafowar nan ce Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yi amfani da ita wajen tukunya cikin tukunya mai sanyaya kayan miya, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a 2000. Da hunturu cikawa ɗaya takan kai mako, da bazara sai dai sau biyu. Robar ruwa da aka huda ma ana binnewa, amma ko ta zube da wuri ko ta toshe. Tiyon ɗigo da bokiti yana aiki, sai dai yana son a riƙa wanke matacinsa, ɓera kuma yana huda shi da rani don neman ruwa.

Itatuwan uku, a ranin farko kowanne jarka ɗaya sau biyu a mako, a zuba gaba ɗaya a gurbi da yamma. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta zauna a sama, ban ruwa mai nauyi jefi-jefi shi ke tura ta ƙasa. A rani na biyu sau ɗaya a mako, daga na uku sai dai taimako da bazara, ban da lemo da zai ci gaba da shan ruwan alwala. Idan kin haɗa da tuluna, abin da za ki saya a shekarar da ta fi tsada bai wuce jarka goma a mako ba.

A haƙa ramukan dashe a Afrilu ko Mayu, santimita 60 faɗi da zurfi, a cakuɗa ƙasar sama da taki a mayar, a bari ruwan farko ya zaunar da su. Dashe sai ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don itacen ya samu wata uku na ruwan sama kyauta. Wajen saye ki zaɓi ƙaramin dashe mai tsawon gwiwa, ba dogon da ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe ba, kuma ki nemi a nuna miki tabon auren a jikinsa. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT tana da reshe a Bagauda, malaman gona na KNARDA, hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, ma za su iya nuna miki masu rainon dashen da aka yarda da su.

Ban ga filinki ba, kuma akwai abin da sai an tsaya a wurin: ko dogon ginin maƙwabci yana tare rana, ko sokawe yana kusa da inda na ce a dasa. Kayan miya suna son rana ta aƙalla awa shida, itace kuma a nisanta shi da sokawe da bututun ruwa. Sannan aikina a ƙasar Kano da Jigawa da Katsina na yi shi. Mai karatu a Jos ko kudancin Kaduna ciyawa ce za ta fi cin lokacinsa, ba ban ruwa ba, wanda ke Damagaram kuwa, inda ruwan shekara bai fi rabin na Kano ba, gara ya bar gwaba ya riƙe magarya da zogale da lalle.

Ko bayan lambun ya kafu, akwai abin da ba zai yi wa kansa ba. Cika tuluna, datse zogale, da tsince gwabar da ta faɗo a binne ta da zurfi, domin a cikinta ƙudan 'ya'yan itace yake hayayyafa ya dawo ya sa wa na sama tsutsa. Rabin awa sau biyu a mako ya wadatar, kuma cika tulu aiki ne da yaro ɗan firamare zai iya a makon da kike aikin dare. Idan kuɗi bai kai a yi duka bana ba, a yi ƙofar waya, a ja hanyar ruwa, a shuka zogale, a dasa lemun tsami a wurin alwala. Gwaba da tuluna da furanni su jira baɗi. Allah ya sa albarka.